Galan Ɗin Da Gwaggo Ta Cika

Tun da na dawo daga Gashuwa ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙo: wai me na je yi, me ya sa tafiyar kwana ɗaya ta koma ta kwanaki, kuma da gaske ne an ga gwaggona a ɗakin gwaji sanye da farar riga? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure. Bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni.

Kun san ina koyar da kemistiri a wata ƙaramar makarantar 'yan mata a nan Nguru. Bana ne karon farko da ɗalibanmu za su zana jarrabawar fita, kuma a cikinta akwai gwajin hannu da ake kira titireshan. Ga wadda ta manta: ana zuba asid a wani dogon bututun gilashi mai famfo, wato buret, a riƙa ɗiga shi cikin ruwan alkali har launi ya juya, sannan a karanta yawan asid ɗin da ya shiga. Malamar makaranta ce ke haɗa ruwan da yara za su yi aiki da shi, da ƙarfin da aka umarta, ba ƙari ba ragi. In ruwan ya kauce, yarinya za ta yi komai yadda aka koya mata, ta fito da amsar da ba ita ba, kuma ba za ta taɓa sanin ta ina aka cuce ta ba. Buret da ma'auni muna da su, sababbi fil a kwali. Abin da ba mu da shi shi ne ruwan tururi, ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, wanda babu gishirin komai a cikinsa. Ni ma kaina ina bukatar wanda zai tsaya a kaina in haɗa da hannuna, don a jami'a ta bayan kafaɗun mutane muka riƙa leƙe saboda yawanmu.

Sai na tuna da Ya Falmata, wadda ke gaba da ni a jami'a, yanzu ita ke riƙe da ɗakin gwaji a wata kwaleji a Gashuwa. Ban gama bayani ba ta katse ni. “Taho da galan da tulunki,” in ji ta. “Kar ki taho min da waƙoƙinki, ba ni da lokacinsu.”

Na isa tasha da sassafe, amma zafin bazara ya riga ni zuwa. Galan ɗin shuɗi ne mai kauri, sabo. Direba ya ɗaure shi a bayan mota tare da kwandunan banda. Tulun awo kuwa ban yarda ya bar jikina ba. Tulu ne na gilashi mai dogon wuya, da layi ɗaya da ya zagaye wuyan kamar sarƙa. Na naɗe shi da tawul, na ƙara zane, na rungume shi a cinya.

Ba mu fita gari ba matar da ke kusa da ni ta taɓa ni. “'Yar'uwa, ba kya buɗe masa fuska ya sha iska? A wannan zafin?”

Na ce ba jariri ba ne, kwalba ce.

Ta dube ni, ta dubi zanen. “Kwalba. To, Allah Ya raya.”

Daga nan motar ta samu abin yi. Duk ramin da muka faɗa sai wani dattijo mai jar hula ya waiwayo ya ce, “Direba, a hankali, akwai mai jego.” A shingen jami'an tsaro ma shi ya tona ni. Jami'in ya ce in kwance, na kwance. Ya ɗaga tulun ya kalli rana ta cikinsa, ya ce shan ruwa da wannan sai mai haƙuri. Da na gaya masa aikina sai fuskarsa ta sake. Wai 'yarsa na son karatun jinya, kemistiri kuma yana ba ta kuka. Da gaske yana da wuya haka? Na ce yana da wuya in ba a taɓa shi da hannu ba. Ya miƙo min tulun da hannu biyu.

Bayan Jajimaji wani mai babur ya biyo mu yana ta hon, yana ɗaga wani abu shuɗi. Galan ɗina ne. Igiya ta saki tun can baya, babu wanda ya ji. Na yi ta godiya, dattijon yana cewa bai taɓa ganin an ƙona mai a kan galan fanko ba. Babu iyakar ƙasa tsakanin Nguru da Gashuwa, amma akwai wata iyaka da kunne ke ji. Mun fito mutane na amsa waya da Barbarci, ana “wushe, wushe”; da muka matso sai na ji waɗansu sun juya wani harshe mai taushi da ban kama ko kalma ɗaya ba. Badanci ne, harshen mutanen yankin. Na yi ta sauraro kamar mai jin ruwa na gudu a bayan katanga.

Na sauka gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, wadda aure ya kai Gashuwa tun ban zo duniya ba. Mijinta fataucin kifi yake yi kafin ya rasu. Ta rungume ni, ta ture ni baya ta ƙare min kallo. “Mairo, boko ya tsotse ki. Zauna.” A gidanmu kifi ake sa wa miya, a gidan Gwaggo miya ake ɗan sa wa kifi. Ta ajiye min tuwon shinkafa da tarwaɗa mai kaurin dantsena, ta zauna tana lura da hannuna. Amma abin da ya fi ba ni mamaki zancen ruwa ne. Mu a Nguru in an ba ka ruwa sai ka sha ka gode. A can sai an ba ka tarihinsa: na wace rijiya ne, an tafasa ko ba a tafasa ba. Ciwon ƙoda ya dami mutanen garin, kowa da abin da yake zargi. Gwaggo tana da wata katuwar tukunya da ba a dafa komai a ciki sai ruwa. Ta tafasa, ta tace da farin ƙyalle, ta juye a randa. Tana alfahari da ruwan nan fiye da yadda take yi da girkinta.

Da hantsi na shiga ɗakin gwajin Ya Falmata. Gajeriya ce, mai sauri, ba ta tafiya sai dai ta gilma. Abu na farko da ta yi shi ne kashe fanka.

“Ya Falmata, za mu dahu!”

“Ma'aunin nan yana jin iska. Ki zaɓa, ko ke ki ji daɗi ko shi.”

Muka auna farin garin sodiyam kabonet, wanda ɗan'uwan kanwa ne, sai dai shi an tsarkake shi an busar. Ina ƙara ƙwaya-ƙwaya da bakin cokali, gumi na bin bayana, lambobi na rawa har suka tsaya. Na narkar da shi a kofin gilashi, na juye a tuluna ta mazurari, na ɗauraye kofin na sake juyewa, na kuma ɗaurayewa, don kada ko ƙwaya ta yi saura a baya. Sannan na riƙa ƙara ruwan tururi har ya hau wuya. Ɗigon ƙarshe sai an durƙusa, ido ya yi daidai da layin. A cikin siririn wuyan saman ruwa yakan lanƙwasa kamar jinjirin wata ya kwanta da baya, kuma cikinsa ake so ya zauna a kan layi. Na tsaya kallonsa fiye da yadda ya kamata.

“Malama Mafarki, in kin gama gaisawa da shi, toshe ki juya.”

Wannan shi ne ruwan ma'auni: ruwan da ka san ƙarfinsa, wanda da shi za ka gane ƙarfin wani. Na ɗebi awo ɗaya da fifet, siririn bututun awo, na zuba a kwalba mai faɗin gindi, na ɗiga manuni, wani ruwa da launinsa ke faɗa maka lokacin da asid ya gama cinye alkali. Kwalbar ta yi rawaya. Hagu a kan famfon buret, dama tana kaɗa kwalba. Karon farko hannuna ya saki, abu ya koma ja wur.

“Sannu da aiki,” in ji Ya Falmata. “Wannan zoɓon suna kika haɗa. Zubar.”

A karo na gaba na rage gudu. Kowane ɗigo in ya faɗa sai ya buɗe ɗan jan fure, kaɗawa ta shafe shi. Can sai furen ya fara jinkirin tafiya. Ɗigo ɗaya, sai kwalbar duka ta koma launin sama gab da magariba, ta tsaya a haka. Na karanta: ashirin da huɗu da rabi. Na sake, na kuma sakewa, duk suka faɗo wuri ɗaya. Ya Falmata ba ta yabe ni ba, amma ta kunna fanka.

Duk wannan lokacin injin da ke yin ruwan tururi yana can kusurwa yana ɗiga a galan ɗina, wanda muka ɗauraye tas. Da la'asar aka ɗauke wuta, galan ya ɗan wuce rabi. Ta ce zai kai ni jarrabawa in na yi tattali. Na kai shi gida na ajiye a kusurwar ɗaki, da niyyar in kama motar safe. Gwaggo ta tambayi mene ne. Na ce ruwa ne mai tsabta ƙwarai, na aikin makaranta. Gajiya ta sa ban ƙara komai ba.

Washegari ina ɗaure kaya Ya Falmata ta kira. “Kin shiga mota?”

“Yanzu zan fita.”

“Biyo ta nan. Jiya ina tsaye a kanki. Yau ki yi ke kaɗai, da ruwanki, da tulunki, yadda za ki yi a Nguru. Ba zan ko kalle ki ba.”

Na so in ce rana za ta yi min, amma ba a musu da Ya Falmata. Mai Keke Napep ne ya ɗauki galan daga ɗaki, shi ya shigar da shi har ɗakin gwaji, ya ma tsiyaya min a kwalbar da nake zuba ruwan aiki da na ɗauraya. Na yi komai kamar jiya, har da durƙuson. Na karanta buret: ashirin da biyar da ɗigo huɗu. Na ce hannuna ne. Na sake: ashirin da biyar da ɗigo takwas. Na uku ya faɗo tsakaninsu. Ba su yi daidai da na jiya ba, ba su ma yi daidai da juna ba.

Na hango yarana a ranar jarrabawa, kowace ta sunkuya a kan buret, kowace ta yarda da ni. Ya Falmata tana bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa, don ba a ci a ciki.

“Ya Falmata, ko dai jiya sa'a ce kawai?”

“Sa'a ba ta zuwa sau uku a jere. Me ya canza daga jiya?”

Na fara lissafi da ƙarfi. Garin shi ne na jiya. Asid ɗin shi ne. Tulun nawa ne. A nan tsoro ya ɗan ja baya, son sani ya matso. Wani abu ne ya shigo kwalbata yana cin asid ban gayyace shi ba, kuma duk inda na ƙara ɗauraye gefen kwalba, lambar sai ta ƙara hawa. Na ɗauko kwalba biyu. Ɗaya na zuba ragowar ruwan tururin Ya Falmata, ɗaya na zuba na galan ɗina, ba gari, ba komai, sai manuni. Ta farko ɗigon asid ɗaya biyu ya juya ta. Ta biyu na yi ta ɗigawa tana nan rawaya, kamar ba da ita ake ba. Na je na kama hannun galan in ɗaga. Ya ƙi tasowa. Na buɗe: cike yake har wuya.

Na kira Gwaggo.

“Gwaggo, wani ya taɓa galan ɗina?”

“Wa zai taɓa? Ni ce na cika miki. Ki zo garin nan mai kogi ki koma da galan rabi, a ce daga gidan wa kika fito? Da asuba na tafasa, na tace da sabon ƙyalle, ko randa ban bari ya shiga ba.”

Na ce a hankali, ruwan ya lalata aikin.

Sai ta ce: “Ruwana? Ruwan nawa ne mai datti? Kina ina?”

Kafin in gama neman kalmomin ban haƙuri, ga ta a Keke, mayafi a kafaɗa. Ya Falmata ta durƙusa ta gaishe ta da Barbarci, ta tashi ta zura mata farar riga, ta ce doka ce, ko shugaban kwaleji sai ya sa. Rigar ba ta rufe ba. Gwaggo ta ce a nuna mata dattin da idonta.

Muka sake gwajin kwalba biyun a gabanta, Ya Falmata ta ɗora yatsun Gwaggo a kan famfo. Ta farko ta juya nan take, Gwaggo ta ja baya ta ce, “La ilaha!” Ta biyu ta yi ta ɗigawa, ta matso da fuska har hancinta na neman taɓa gilashi. Da launin ya juya daga ƙarshe ta ci gaba da kallo.

“Ba datti ba ne, Gwaggo,” in ji Ya Falmata. “Dangin kanwa ne da ruwa ke ɗaukowa daga ƙasa. Tafasa ba ta korar sa, ƙyalle ba ya tare shi.”

“Kamar in yakuwa ta yi tsami a jefa kanwa ta kwantar da shi?”

“Haka. Ruwanki ya kwantar mana da asid.”

Gwaggo ta yi ƙasa da murya. “To shi ne ke cin ƙodar mutane?”

“Wannan gwajin bai isa ya faɗa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki ci gaba da tafasawa, tana kashe abin da take kashewa.”

Saura matsalata. Ruwan galan ya tashi daga aiki gaba ɗaya, babu wuta, ba a san ranar dawowarta ba, ɗan abin da Ya Falmata ke da shi kuma na ɗalibanta ne. Janaretan kwaleji ba a tayar da shi don galan ɗaya. Gwaggo ta tambaya me injin tururin yake ci. Aka ce wuta, mai yawa. Ta zaro waya daga lalitarta.

“Bukar? Kana shago? To rufe. Wannan injin naka na walda, ɗauko shi ka same ni a kwaleji. A'a, ba ƙofa ba ce ta karye. Ruwa za mu dafa.”

Bukar mijin 'yarta ne, kuma ban taɓa ganin surukin da ya kai shi kunya ba. Ya iso da janareta a bayan a-kori-kura, ya cire takalmi tun daga nesa ya gaishe ta, bai tambayi komai ba. Bayan Ya Falmata ta nemo izini aka ja waya ta taga. Muka zubar da ruwan Gwaggo a gindin wata bishiyar maina, wato darbejiya, ita da kanta ta ce a ba ta, ba a zubar da ruwa a banza. Muka ɗauraye galan, injin ya fara ɗiga.

Gwaggo ta ja kujera ta zauna gabansa. “Wannan abu ai tatsar akuya mai rowa ce,” in ji ta, amma ba ta tashi ba sai don salla. Duk ɗalibin da ya matso kusa sai ta ce, “Kai, ja baya, ba na sha ba ne.” Yinin bai isa ba, sai da muka ƙara wani. A ƙarshe na sake haɗa ruwan ma'auni ni kaɗai: ashirin da huɗu da rabi, sau uku. Wannan karon ma galan bai cika ba. Gwaggo ta leƙa, na ga abin yana cin ranta, amma ta toshe bakin da leda, ta ɗaure da tsumma ƙulli a kan ƙulli. A tasha ta sa direba ya ajiye shi tsakanin ƙafafuna, ta sayo min ledar fiya wata guda. “Duk wanda ya roƙi ruwa a hanya ki ba shi wannan. Ba a hana ruwa, amma kar ki kuskura.” An kuwa roƙa, na kuwa bayar.

Da na iso Nguru na ware na jarrabawa na kulle a kabad, na bar kaɗan na gwaji. Ranar da yarana suka fara taɓa buret, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar gilashi. Waɗansu sun haɗa zoɓo, na ce su zubar. Da aka jima suka riƙa zuwa allo biyu-biyu suna rubuta abin da suka samu, lambobin na jeruwa kusa da juna kamar 'yan gida ɗaya. Na tsaya a bayan aji ina kallonsu.

Akwai wata Hadiza da ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba. An buga ƙararrawa, kowa na wanke kaya, ita tana nan riƙe da kwalbarta a saitin taga.

“Malama,” in ji ta, “ɗigo ɗaya ne fa ya yi wannan. Ina kallo amma ban ga lokacin ba. In sake?”

Na leƙa ɗan ruwan da ya rage a kwalbar gwaji. Bai fi na mutum ɗaya ba.

Na ce, “Sake. Amma ki durƙusa, idonki ya yi daidai da layi.”